Kana son zama malamin jami'a mai binciken tsufan dabbobi? Fara da littafi mai kwali

Duk ɗalibin da ya yi sallama a ofishina ya ce yana son ya zama malamin jami'a mai binciken tsufa, tambaya ɗaya nake fara yi masa: ina za ka samo tsohuwar dabbar? Dariya suke yi, sai sun je kara sun dawo sannan su gane ba wasa nake ba. Mu nan Kebbi dabba ba ta tsufa a hannunmu. Rago ya shekara biyu, Layya ta ɗauke shi. San huɗa ya yi damina huɗu ko biyar, a turke shi a ƙara masa dusa, a kai kasuwa. Kaza kuwa baƙo ɗaya ya isa ya raba ta da tsufa. Wannan ce matsalar fagen, kuma ita ce gatan wanda ya shige shi da wuri, don babu cunkoso.

Bari mu kawar da maganar takardu tukuna. A JAMB ka zaɓi Turanci, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji. Karatun likitan dabbobi shekara shida ne. Kusa da mu akwai tsangayar da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ni ma na yi, akwai kuma ta Ahmadu Bello a Zariya. In ka gama ka yi rantsuwa, Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya ta yi maka rajista, ka tafi bautar ƙasa. In da hali, ka nemi a tura ka inda ake bincike, kamar cibiyar Vom da ke Filato, wadda take aiki tun 1924, ko ta Shika kusa da Zariya. Daga nan sai mastas, sai digirin digirgir, wanda in babu shi matakin babban lakcara zai yi maka nisa. Ni ban taɓa ganin allon da aka rubuta "sashen tsufa" a tsangayar dabbobi ba, don haka ta wata ƙofa za ka shiga: fisiyoloji, ko fatoloji, ko sashen magani, ko na lafiyar al'umma. Ka zaɓi malamin da zai duba aikinka kafin ka zaɓi sashe. Wanda yake karanta abin da ka rubuta da jan biro ya fi maka mai dogon suna da sai ka yi wata uku kana sintiri ba ka gan shi ba.

To, ina tsofaffin suke? Suna wurin da dabba take da amfanin da ya wuce namanta. Dawakin fada da na masu sarauta a Argungu, Gwandu da Yawuri. Jakunan masu ɗibar yashi da mangala. Raƙuma. Karnukan mafarauta da na gadi, musamman ta wajen Zuru. Sai kuma guzuma a ruga, wadda Bafulatani yake ƙin rabuwa da ita saboda a ɗakinta aka haifi rabin garken. Da na fara, jakunan masu yashi na Jega na bi. Ban je da sirinji ba ranar farko. Na je da man shafawa na gyambon baya da maganin tsutsa, na zauna a inuwa har suka sauke lodi. Sai da na yi zuwa uku kafin wani dattijo ya ce mini, "Likita, wanga jaki tun shekarar da aka yi babbar ambaliya shike hannuna." Wannan jimlar ta fi mini na'urar dubu ɗari, don ta ba ni shekara.

Shekarar dabba ita ce ginshiƙin aikin nan gaba ɗaya, kuma a nan yawancin ɗalibai ke tuntuɓe. Saniya haƙora takwas gare ta a gaba, duk a ƙasa, sama dadashi ne kawai. Takan yi famfarar biyun tsakiya wajen shekara biyu, bakin ya cika tsakanin huɗu da biyar, shanunmu irin su Bokolo da Rahaji ma sukan ɗan makara. Daga nan sai kirdado da yadda haƙorin ya side, alhali dabbar da ke kiwo a jigawa tana haɗawa da rairayi bakinta zai nuna ta girmi shekarunta. A doki akwai wani tsagi da ke fitowa a haƙorin gefe na sama wajen shekara 10, ya kai rabi a 15, ya sauka ƙasa a 20, shi ma ba rantsuwa ake yi a kansa ba. Saboda haka ka haɗa biyu: ka buɗe baki ka ɗauki hoto da waya, sannan ka tambayi mai dabba da abin da ba ya mantawa. Kada ka ce "shekararsa nawa?", zai ba ka lambar da yake zaton kana so. Ka ce, "Baba, da kuka saye shi an aurar da babbar ɗiyarku ko tukuna?"

Duk wannan ka zuba shi a littafi mai kwali, irin na 'yan kanti, ba a waya kaɗai ba. Kowace dabba shafi biyu: kala da tabo, garin da take, aikin da take yi, abincinta, haihuwa nawa ta yi, cikar jikinta a ma'aunin 1 zuwa 5, yanayin ido, tafiya, kofato. Ka koma duk bayan wata shida, sau ɗaya da kaka lokacin ƙoshi, sau ɗaya da bazara lokacin da haƙarƙari ke ƙirguwa. In ba haka ba za ka ɗauki yunwa ka kira ta tsufa. Haka sammore da ciwon hanta, duk suna ramar da dabba su mai da ta kamar tsohuwa, sai ka tace su kafin ka yi magana. Aikin mastas na wata shida kowa zai iya yi ya manta. Amma dabbobi iri ɗaya da aka bi shekara biyar, wannan ba a saya a kasuwa, kuma shi ne abin da zai sa farfesa daga wata ƙasa ya amsa wasiƙarka.

Jini daga jijiyar wuya ake ɗiba, da sassafe kafin dabba ta fita aiki, bayan kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku ya ba ka izini a rubuce kuma mai dabba ya yarda. Kwalba mai shunayyar hula don ƙirga ƙwayoyin jini, mai jar hula don ruwan jinin da za a auna ƙoda da hanta. A nan na sha kashi. Na tara na damina guda a firjin wani ɗakin gwaji da na roƙi wuri, na tafi gida hutun Sallah. Wuta ta ɗauke, janareto ba mai. Da na dawo tun daga baranda wari ya tare ni, na buɗe na tarar da kwalabe suna iyo a ruwa, lambobin da na rubuta da biro sun wanke. Laifina ne, na zuba ƙwaina duka a kwando ɗaya kamar ban san halin wuta ba. Tun ranar kowane samfuri gida biyu nake raba shi, a gini biyu, ɗaya a firji mai sola, lamba kuma da fensir a takarda a liƙe da salatif.

Me ya haɗa wannan da mutum? Dabba tana shan ruwan da muke sha, tana shaƙar ƙurar da muke shaƙa, amma tana tsufa da sauri, sai ka ga a shekara goma abin da a mutum sai ka jira sittin. Tun 1935 Clive McCay ya nuna a Jami'ar Konel cewa ɓerayen da aka rage wa abinci ba tare da an hana su sinadaran gina jiki ba sun fi daɗewa. A 2002 aka fitar da sakamakon karnuka 48 'yan asalin Labrado: waɗanda aka rage wa kashi 25 cikin ɗari na abinci sun ƙara kusan shekara biyu, ciwon gaɓɓai kuma ya makara kama su. Tsohon kare yakan yi gigin tsufa, ya ɓace a gidan da ya sani, kuma a ƙwaƙwalwarsa ana samun irin daskararren furotin da ake gani a masu cutar mantuwa ta Alzaima. Yanzu haka a Amurka jami'o'in Washinton da Tekzas suna bin dubban karnukan gida, suna gwada maganin rafamaisin a kan wasunsu don ganin ko zai rage saurin tsufa. Ka karanta waɗannan, amma kada ka kwafo tambayarsu. Su ƙiba ke damun dabbobinsu, mu rama.

Tambayoyinmu suna bakin ƙofa. Haihuwar guzuma, ɗiya kwance uwa kwance: a haihuwa ta nawa jikin Bokolo ke fara gazawa, kuma mene ne ke fara ƙarewa, haƙori, ƙashi ko tsoka? Zubewar tsokar nan ita ce ke hana kakanninmu tashi daga tabarma. Ga kuma maƙwabtanmu Zamfara. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinari ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, kuma agwagwa ce ta fara mutuwa kafin a farga. Dalma tana zama a ƙashi shekaru masu yawa, ta dawo cikin jini lokacin da ƙashi ya fara laushi, tana da hannu a hawan jini da ciwon ƙoda. Yaran da suka tsira za su manyanta, dabbobin da ke kiwo a ƙasar kuwa za su riga su tsufa. Irin wannan aikin ba ka yin sa kai kaɗai. Ka nemi likitan mutane tun daga rubuta tsarin binciken, ba sai ka gama ka kai masa ya sa suna ba.

Kuɗi: in ka samu gurbin koyarwa a jami'ar gwamnati, TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na da tallafin ƙaro karatu da na ƙananan bincike da ake nema ta hannun jami'arka, sai babban asusun bincike na ƙasa da ake gasa a kansa. Ka fara da ƙarami, ka yi lissafin kowace kwabo, ka ajiye rasit. Ƙarin girma kuwa da takardun da ka wallafa ake auna shi, wannan ke jefa matasa hannun mujallun da za su karɓi kuɗinka yau su buga gobe ba wanda ya karanta. Kwamitin tantancewa ya san su. Takarda biyu da aka mayar maka sau uku ka gyara sun fi goma irin waɗancan.

Ga 'yan'uwa mata, akwai abin da kuka fi mu: cikin gida. Tsofaffin awaki da tumaki a hannun mata suke, kuma uwar gida ta san haihuwar kowace akuya da sunan jikan da aka haifa a watan. Ni iyakata zaure. Wata ɗalibata ta shiga gidaje a mako biyu ta fito da tarihin da na shekara ina nema, har da akuyar da aka ba amarya ranar kai ta ɗaki, yanzu ɗan amaryar na fari yana aji biyar a firamare. Na ba ta sabon littafi, na ce ta fara da waccan.