Yadda Ake Adana Tsofaffin Takardun Girgizar Ƙasa

Kafin kwamfuta ta karɓi aikin, na'urar auna girgizar ƙasa a kan takarda take rubutu: wata ganga ce take juyawa a hankali, allura kuma tana zana motsin ƙasa dare da rana. Tun shekarar 1889, lokacin da aka ɗauki alamar wata girgizar Japan a Potsdam ta Jamus, tashoshi suke tara irin waɗannan takardu, kuma da yake babbar girgiza kan daɗe ba ta sake aukuwa a wuri ɗaya ba, su ne hujjar da masana suke komawa gare ta.

Mataki na farko shi ne a tantance irin takardar, domin kowace da yadda ake riƙe ta. Akwai wadda aka turara da hayaƙi har ta yi baƙi, allura ta kankare siririn farin layi a kai, sannan aka tsoma ta cikin ruwan ƙaro don kunkunniyar ta kama. Irin wannan idan ta tsufa takan yi ƙarau, a lanƙwasa ta sau ɗaya ta tsage. Akwai takardar hoto da haske ya zana, akwai ta tawada, akwai kuma fim. Fim ɗin da ya fara warin tsami ya soma lalacewa, sai a ware shi nan take don kada ya shafi sauran.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi, shi ne a haɗa kowace takarda da bayananta tun kafin a motsa ta daga inda aka same ta. A rubuta sunan tashar, da ranar da aka ɗora takardar da lokacin da aka cire ta, da irin na'urar, da yawan yadda take ƙara girman motsi, da kuma ko motsin gabas da yamma take aunawa, ko na kudu da arewa, ko na sama da ƙasa. Sai a nemo kundin da ma'aikaci yake rubuta kuskuren agogon tashar a kullum, bayan ya gwada shi da sautin lokaci na rediyo. Wannan ɗan littafi yana da sauƙin a zubar da shi, alhali kuskuren daƙiƙa kaɗan ya isa ya kauce da lissafin cibiyar girgiza da nisan kilomita masu yawa, saboda igiyar motsin girgiza da ke fara isowa tashar tana keta dutse da gudun kilomita 6 zuwa 8 a daƙiƙa. Tsarin tashoshi kusan 120 da Amurka ta kafa a faɗin duniya a farkon shekarun 1960 ya yi suna ne saboda wannan: na'urori iri ɗaya, takardu 6 a kowace rana, bayanai kuma a jikinsu.

Daga nan sai ajiya. A shimfiɗe takardun a kwance cikin fayil marar asid, a ɗaki mai sanyi wanda danshinsa bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, nesa da hasken rana, a kuma ɗaga akwatunan daga ƙasa saboda gara da ambaliya. Kada a liƙe tsaga da salatif.

Mataki na huɗu shi ne ɗaukar hoto da sikana mai faɗi, takardar gaba ɗayanta har da rubutun gefe da na baya, a adana a tsarin TIFF wanda ba ya rage ingancin hoto. INGV, cibiyar binciken girgizar ƙasa da aman wuta ta Italiya, ta yi irin wannan aiki a ƙarƙashin shirinta na SISMOS, Jami'ar Harvard kuma ta samar da manhajar DigitSeis mai mayar da layin zuwa lambobi. A ajiye kwafi a wurare daban-daban, amma kada a zubar da asalin takardar, domin sikanar gobe za ta iya ganin abin da ta yau ta rasa.

Girgizar da ta riga na'ura kuwa, shaidarta tana cikin wasiƙu da rahotanni da kundayen sarakuna. Bayan girgizar Lisbon ta ranar 1 ga Nuwamba, 1755, gwamnatin Fotugal ta aika wa yankunan ƙasar tambayoyi kan tsawon lokacin girgizar da yadda teku ya yi, amsoshin kuma suna nan a ma'ajiyar tarihi ta Torre do Tombo. Wajen irin waɗannan takardu a kwafe maganar yadda take, a bambanta wanda ya gani da idonsa da wanda aka ba labari, sannan a rubuta kwanan watan asali kusa da wanda aka mayar, ko na Hijira ne ko na wata kalanda. Da wannan taka-tsantsan ne, tare da shaidar bishiyoyin da suka mutu a gaɓar teku, aka gane daga kundayen Japan cewa wata igiyar ruwan teku da ta afka wa ƙasar ta taso ne daga wata babbar girgiza da aka yi a arewa maso yammacin Amurka ranar 26 ga Janairu, 1700.