Yadda ake dunƙule kuɗi bisa kwanan wata a rahoton ciniki

Ranar 1 ga Fabrairu, 2020, harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. A ce wani shagon kayan gini a Gusau kafin ranar yana dunƙule harajin zuwa cikakkiyar naira, daga ranar kuma ya koma rubuta shi har kwabo. Duk rahoton da ya ratsa lokutan nan biyu, dole kowane layi ya bi ƙa'idar zamaninsa, in ba haka ba jimla ba za ta dace da tsofaffin rasit ba.

A Excel, idan kwanan wata yana A2, kuɗin kaya yana B2, rubuta wannan a C2 ka ja shi ƙasa:

=IF(A2<DATE(2020,2,1),ROUND(B2*0.05,0),ROUND(B2*0.075,2))

Sifilin yana nufin cikakkiyar naira, 2 kuma kwabo. Kada ka wadatu da danna maɓallin rage lambobin bayan ɗigo. Ɓoye su kawai yake yi, suna nan suna shiga jimla. Kuma a dunƙule kowane layi kafin a tara, tunda haka aka rubuta rasit ɗaya bayan ɗaya.

Masu amfani da Power Query, wato sashen Excel na shigo da bayanai da gyara su, su kula sosai. Kayan N1,250 harajinsu a kashi 5 ya kama N62.50. Excel zai mayar da shi 63, amma Number.Round, umarnin dunƙulewa na Power Query, zai ba da 62, domin idan rabi ya zo cif, lambar da ke rabuwa biyu yake zaɓa. Naira ɗaya ce, amma a dubban layuka sai akanta ya kwana yana neman giɓi. Maganin shi ne a faɗa masa hanya (a nan [Rana] da [Farashi] sunayen ginshiƙan kwanan wata da kuɗin kaya ne):

if [Rana] < #date(2020,2,1) then Number.Round([Farashi]*0.05, 0, RoundingMode.AwayFromZero) else Number.Round([Farashi]*0.075, 2, RoundingMode.AwayFromZero)

Kwanan watan kansa ya fi kowanne ɓata aiki. Mu muna fara rubuta rana, kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka kuwa wata take fara karantawa, sai 01/02/2020 ya zama 2 ga Janairu, layin ya faɗa tsohon haraji. Wajen sauya nau'in bayanan a Power Query, zaɓi Using Locale ka sa tsarin Ingila.

Wani lokacin kuma kwanan watan rubutu ne kawai, ba lamba ba. Excel yana ɗaukar kowane rubutu ya fi kowace lamba girma, don haka layin zai tafi kashi 7.5 shiru, ba gargaɗi. Gwada =ISNUMBER(A2) tukuna; duk inda ya ce FALSE, gyara shi. Daga nan ɗauki rasit na 31 ga Janairu da na 1 ga Fabrairu, ka lissafa su da hannu ka kwatanta.