Yadda ake ƙiyasta tsawon ran abu alhali wasunsu ba su mutu ba tukuna

A ce kana da shagon kayan sola, ka sayar da batura goma, kana kuma bibiyarsu har shekara biyu don ka san wata nawa batir yake yi kafin ya daina riƙe caji. Biyar sun mutu a idonka: ɗaya a wata na 6, ɗaya a na 9, biyu a na 14, ɗaya a na 20. Sauran biyar ɗin su ne rigimar. Mai ɗaya ya tashi daga garin a wata na 8, an sace ɗaya a na 12, uku kuwa har wata na 24 suna aiki lafiya ƙalau. Misali ne kawai na shirya, amma haka lamarin yake a asibiti da masana'anta.

Irin waɗannan biyar su ake kira yankakken bayani: ka san batirin ya kai lokaci kaza da rai, ba ka san ƙarshensa ba. Mutane da yawa watsar da su suke yi, su ɗauki matsakaicin biyar da suka mutu, su sami wata 12.6. Wasu kuma su lissafa su kamar sun mutu ranar da aka daina ganinsu, su sami 15.5. Duka biyun sun rage wa batirin shekaru. Na farkon ya ma fi muni, domin batura mafi ƙarko su ya jefar.

Hanyar da ta gyara wannan ita ce ta Kaplan da Meier, wadda Edward Kaplan da Paul Meier suka wallafa a 1958 a mujallar ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka. Da biro da takarda ma ana yin ta.

Da farko ka jera lokutan daga ƙarami zuwa babba, ka sa alamar ƙari a gaban kowane yankakke: 6, 8+, 9, 12+, 14, 14, 20, 24+, 24+, 24+. In mutuwa da yankewa suka faɗo a lokaci guda, mutuwar ake sa wa gaba.

Daga nan sai ka tsaya a kan lokutan da aka yi mutuwa kaɗai, a kowanne ka yi tambaya biyu: guda nawa ne suke raye kuma kana ganinsu dab da wannan lokaci, nawa ne kuma suka mutu a cikinsa? A nan asirin hanyar yake, don haka a bi a hankali. A wata na 6, goma ne a hannu, ɗaya ya mutu, rabon waɗanda suka tsallake shi ne 9/10, wato 0.9. A wata na 8 ba a yi mutuwa ba, ba abin da za ka lissafa, sai dai batirin da aka tafi da shi ya fita daga cikin waɗanda ake ƙirgawa. Saboda haka a wata na 9 takwas suka rage, ba tara ba. Ɗaya ya mutu, rabon 7/8. Ka lura, batirin da ya ɓace bai tafi a banza ba: ya ba da shaidarsa a wata na 6, sannan ya janye ba tare da an yanke masa hukuncin mutuwa ba.

Sai ka riƙa ninka kowane sabon rabo da sakamakon baya. 0.9 sau 7/8 ya ba da kusan 0.79. A wata na 14 shida ne a hannu, tunda an sace ɗaya a na 12, biyu suka mutu, rabon 4/6, sakamakon ya sauko 0.525. A wata na 20 huɗu suka rage, ɗaya ya mutu, 3/4, ya zama kusan 0.39. Ma'anarsa, ƙiyasin shi ne kashi 39 cikin ɗari na irin waɗannan batura za su wuce wata 20.

In ka zana wannan, matakala za ka gani mai sauka: layi ya miƙe, ya faɗi a inda aka yi mutuwa, ya sake miƙewa. Don samun tsaka-tsakin rai, wato lokacin da ake ƙiyasta rabin baturan sun mutu, duba lokacin farko da layin ya kai 0.5 ko ya yi ƙasa da shi. A nan wata na 20 ne. Ina 20, ina 12.6?

Akwai sharaɗi ɗaya da ba lissafin da zai cece ka in ya karye: dalilin yankewar kada ya zama yana da alaƙa da kusantar mutuwa. Sata ba ruwanta da lafiyar batir, wannan ba laifi. Amma in mutumin wata na 8 ya ga batirin ya fara rauni ne ya sayar da shi a ɓoye, to ƙiyasinka zai yi wa batirin kwalliyar da bai cancanta ba. A asibiti abin ya fi tsanani, domin sau da yawa wanda ciwo ya ci ƙarfinsa shi ne yake daina zuwa. Shi ya sa nake ganin rubuta dalilin ɓacewar kowane ɗaya ya fi lissafin kansa muhimmanci.

Kada kuma ka amince da wutsiyar zanen sosai. Inda huɗu kawai suka rage, mutuwa ɗaya tana zaftare kwata na abin da ya saura. Dabarar da wani masani mai suna Greenwood ya fitar a 1926 ita ake amfani da ita wajen auna faɗin wannan rashin tabbas.

Bayanai in sun yi yawa, kwamfuta za ka ba. A manhajar ƙididdiga mai suna R akwai ƙunshin umarni mai suna survival, umarnin da za ka yi amfani da shi a ciki shi ne survfit. Layi biyu yake so, ɗaya na lokaci, ɗaya na hali, 1 ga wanda ya mutu, 0 ga yankakke. Ka duba wannan sau biyu, don juya su kuskure ne da ake yawan yi, kuma kwamfutar ba za ta yi maka magana ba. In kana son sanin ko zafin ɗaki ko yawan lodi ne ke kashe batirin, sai ka koma ga tsarin da David Cox ya fitar a 1972, wanda shi ma da waɗannan layuka biyu yake farawa, sai a ƙara masa layin zafi da na lodi.