Daga Banff zuwa Canmore a kan keke tare da yara

Idan za ku hau keke da yara a gandun dajin Banff na ƙasar Kanada, ku tashi daga garin Banff ku nufi Canmore, kada ku yi akasin haka. Banff yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,380 daga matakin teku, Canmore kuwa ya ɗan fi shi ƙasa, don haka yawancin tafiyar gangara ce mai sauƙi. Iskar kwarin ma galibi daga yamma take kaɗowa, sai ta riƙa tura ku ta baya. Yaron da aka sa ya juyo yana kokawa da iskar nan bayan ƙafafunsa sun gaji, gobe ko an ba shi keke ba zai karɓa ba. Shi ya sa ni zuwa kawai nake yi da nawa yaran, mu dawo a bas.

Sunan hanyar Legacy Trail. An buɗe ta a 2010, lokacin da gandun ya cika shekara 125 da kafuwa, domin tun 1885 yake, kuma shi ne na farko a Kanada. Kwalta ce, ba mota a kanta, tsawonta tsakanin garuruwan biyu kilomita 20 da ɗoriya. Tana bin gefen babban titin Trans-Canada, saboda haka ƙarar manyan motoci ba ta rabuwa da kunne a wurare da dama. Wannan ya dame ni da farko, amma yara ko a jikinsu. Idonsu na kan dutsen Rundle da ke ta hannun dama, har kololuwa uku na Three Sisters su bayyana a saman Canmore.

Ku je tsakanin tsakiyar Afrilu da tsakiyar Oktoba, don ba a share dusar ƙanƙara a hanyar lokacin sanyi. Ku sayi takardar shiga gandun. 'Yan shekara 17 zuwa ƙasa ba sa biya. Dokar lardin Alberta ta wajabta hular kwano ga duk wanda bai kai 18 ba, ni dai ina ganin babba ma ya sa, don yaro abin da ya gani yake yi. Akwai shagunan hayar keke a garuruwan biyu, har da tirelar da ake ɗaura wa keke a baya don ƙananan yara. Ku gwada birki kafin ku bar shagon. Ku ɗauki ruwa isasshe, abin taɓawa, famfon iska, kayan faci da rigar ruwa, domin yanayin duwatsu yana juyawa cikin ɗan lokaci. Wajen tsakiyar hanya akwai wurin hutu na Valleyview mai tebura da banɗaki, a nan muke cin abinci.

Maganar namun daji ita ce wadda ba na wasa da ita. Wurin gidan beyar ne (wata babbar dabbar daji mai haɗari), da manyan barewar nan da ake kira elk. Ƙa'idar hukumar gandun ita ce a bar tazarar mita 100 tsakanin mutum da beyar, mita 30 kuma ga elk. Matan elk sun fi faɗa a Mayu da Yuni lokacin haihuwa, mazan kuma a kaka. Babba ɗaya ya riƙe feshin korar beyar a inda hannu zai kai nan take, kada a cusa shi a ƙasan jaka. Ku tafi a tare, babba a gaba, babba a baya, kuna hira da ƙarfi don dabba ta ji zuwanku. Ba a ba su abinci, laifi ne mai tara.

Inda hanyar ta ratsa shingen da ke hana dabbobi hawa titi, an shimfiɗa tabarma mai lantarki a ƙasa don kada dabbobi su wuce ta nan. Tayar keke ba ta jin komai, amma ku faɗa wa yara tun kafin a iso cewa ba a tsayawa a kanta, ba a sauke ƙafa. Wanda yake jin tsoro ya sauka, ya tura kekensa ta ƙofar masu tafiya a ƙasa da ke gefe.

A Canmore, bas na Roam mai lamba 3 zai maido ku Banff. Yana da wurin rataya keke, sai dai guraben kaɗan ne, don haka iyali mai yawa su shirya rabuwa gida biyu ko su jira na gaba. Idan yaranku ƙanana ne sosai, ku fara da zuwa Cascade Ponds kusa da Banff ku juyo, ko ku bi titin tafkunan Vermilion mai kilomita 4 da 'yan kai. Shi wannan titin motoci na binsa a hankali, sai a riƙe yara a gefen dama.