Yadda za ka gane abin da cin ƙasashe ya yi wa manyan Rum

Ɗalibai da yawa nan Yamai haddar shekaru kawai suke, shi ya sa tarihin Rum ke masu wuya. Ka ɗauko takarda ka raba ta biyu, hagu ka rubuta ƙasar da aka ci da yaƙi, dama kuma abin da ya canza cikin birnin Rum, shekarun duk kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne.

Fara da Sisili a 241, lardinsu na farko. A gefen dama ka sa 227, lokacin da aka ƙara yawan fireto, wato manyan jami'an shari'a da mulki, zuwa 4 don a samu masu riƙe lardi, a 197 suka zama 6 saboda sabbin lardunan ƙasar Sifen.

Sai ka bi sawun kuɗin, nan ne maganar take wallahi. A 218 doka ta hana sanatoci mallakar manyan jiragen fatauci, sai suka zuba ganima cikin gonaki da bayi, attajiran da ba sanatoci ba da ake kira mahaya doki kuma suka kama kwangilar karɓar haraji, ƙaramin manomi ya dawo daga yaƙi ya tarar gonarsa ta salwanta, wannan abin yana ci min rai sosai. A 149 har kotu aka kafa don gwamnonin da ke tatsar talakawan lardi.

Kar ka tsallake 133, Tiberiyus Girakus, wakilin talakawa, ya nemi a raba filayen gwamnati aka kashe shi. Daga nan ka ja layi zuwa janar-janar ɗin da sojoji suka fi bi fiye da majalisa, janar Yuliyus Kaisar ya shigo Italiya da runduna a 49, magajinsa Agustus ya tattara iko a 27.