Yadda zaka more gudun karamar motarka ba tare da ka karya doka ba

Masu Golf GTI da ire-irenta, ku fara sanin lambobin nan. A dokar 'yan rod sefti motar gida cikin gari kilomita 50 ne a awa, babbar hanya 80, titi mai tagwayen hanya irin na Kano zuwa Zariya kuma 100, shikenan. Gudun kilomita 250 a awa da kamfani ya kayyade wa GTI sai dai a Jamus, inda wasu sassan otoban, wato manyan titunansu, basu da iyakar gudu, can ma 130 hukuma ke ba da shawara.

To ya za'a yi? Ka bar Zoo Road da Kofar Nasarawa, wallahi da adaidaita sahu a ko'ina ko 50 din ma da kyar. Ka fita hanyar Zariya bayan gari ya waye sosai, amma kafin nan kaje wajen mai faci ya gwada iska kuma ka duba jikin tayar da kanka, harafin H na nufin tana jure gudun kilomita 210 a awa, V kuma 240, sannan lambobi hudu na karshe a layin da ya fara da DOT sati ne da shekarar da aka kera ta, yawancin tayoyin Beljiyam sun tsufa tun kafin su iso. Bakanike ya duba birki. Daura bel.

Dadin motar nan a tashi yake, ka ja giya ta biyu da ta uku har maleji ya taba 100 sai ka saki totur. Ka rage tun kafin Kwanar Dangora da Kura saboda masu tsallakawa.