Yadda Za Ka Kula Da Sabon Kifin Beta, Da Waɗanda Za Ka Iya Haɗa Shi Da Su

Kifin beta dai shi ne wannan ɗan ƙaramin mai doguwar jela kamar an baza mayafi, ja ko shuɗi, wanda za ka gani a shagon masu kifin ado an zuba shi cikin ɗan kofi shi kaɗai. Wannan kofin shi ne farkon matsalar, mutum sai ya ɗauka ai haka yake rayuwa, ya kawo shi gida ya sa a kwalba, bayan sati uku ya wayi gari kifi ya juya ciki sama.

Asalinsa daga Tailan ne da maƙwabtanta irin su Kambodiya, a gonakin shinkafa da fadamu masu ɗumi yake zama, har a 2019 Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Yana da wata gaɓa da ke ba shi damar leƙowa saman ruwa ya shaƙi iska, shi ya sa ba ya saurin mutuwa a kofi. Amma jurewa daban, jin daɗi daban.

Matakin farko, tanki. Ka nemi na gilashi mai cin aƙalla lita 20 in shi kaɗai ne, in kuma kana da niyyar kawo masa abokan zama to ka fara daga lita 40 zuwa sama. Ka sa murfi don wallahi yana tsalle, amma ka bar ɗan fili tsakanin ruwa da murfin saboda numfashi. Filta kuma, wato na'urar tace ruwa, mara ƙarfi, ta soso ta fi, don jelar nan tasa nauyi gare ta, ruwa mai gudu sai ya galabaitar da shi. Furannin roba ka gwada su da gyale mai laushi, in ya maƙale to zai yaga masa jela, ka ajiye su.

Na biyu shi ne ruwa, kuma a nan nake so ka fi tsayawa. Ruwan famfo yana iya zuwa da kilorin, ka ɗiga masa maganin cire kilorin kafin ka zuba. Sannan kar ka sayi kifi ranar da ka haɗa tanki. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce, akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama cikin soson filta suna juya ta zuwa abin da ba ya cutarwa sosai, to kafin su yi yawa sai an kai sati 4 zuwa 6 filta na aiki kana ɗan jefa ƙwayar abinci ciki. Na san haƙurin da wuya, amma sau da yawa mutuwar sabon kifi daga nan take samo asali. Kuma ran da za ka wanke soson, a ruwan da ka ɗebo daga tankin za ka matse shi, ba a famfo ba, sabulu kuwa ko kusa.

Zafin ruwa tsakanin digiri 24 da 28 yake so. Da rani ba ka da damuwa sai dai ka kauda tankin daga taga kar rana ta dafa shi, amma lokacin hunturu, musamman a gari irin Jos, ruwan kan yi sanyi cikin dare, za ka ga kifin ya kwanta a ƙasa ya ƙi cin abinci. Ka sa hita da ma'aunin zafi, in an ɗauke wuta ka lulluɓe tankin da bargo.

Ranar da ka kawo shi, ka ɗora ledar a saman ruwan tankin kamar minti 20 ba tare da ka buɗe ba, sai ka buɗe kana ƙara masa ruwan tankin kaɗan-kaɗan, daga baya ka kamo shi da raga ka saka, ruwan shago kuma ka zubar. Ka kashe fitila ka ƙyale shi, ko bai ci komai ba ranar farko ba abin tashin hankali ba ne.

Abinci, ƙwaya 2 zuwa 4 safe da yamma sun isa, mai cin nama ne don haka ka sayi wanda aka yi don beta, tsutsar sauro ma yana sonta sosai. Zai riƙa yi maka kallon yunwa kullum, kar ka biye masa, cikinsa kumbura yake yi. Duk sati ka canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. In ka ga ya tara kumfa a saman ruwa kar ka ɗauka datti ne, sheƙa ce namiji ke yi don ƙwai.

Sai maganar abokan zama, wannan ita ce ta ƙarshe, sai ya yi kamar wata guda ka fahimci halinsa. Maza biyu ba sa zama tanki ɗaya, za su yi ta faɗa, ɗaya ma yana iya mutuwa, mace ma ba a barinta da namiji sai don kiwo na ɗan lokaci. Cikin sauran nau'o'in kifin ado kuwa, gupi namiji mai jela mai launi, kallon kishiya betan zai yi masa. Taiga bab shi kuma cizon jela yake. Gurami danginsa ne, faɗan wuri za su yi. Golfish ruwan sanyi yake so ga ɓata ruwa, kar ma ka fara.

Waɗanda suka fi dacewa su ne masu zaman lafiya marasa ƙyalli. Koridoras ni shi na fi so, yana ƙasa yana harkarsa ba ruwansa da kowa, amma ka sayi kamar shida don a garke suke rayuwa. Rasbora ma haka, shida zuwa sama. In tankin ƙarami ne ka tsaya a kan dodon koɗin nerait, yana lashe gansakuka a jikin gilashi. Jatan lande ƙanana kuwa sa'a ce, wani betan zai ƙyale su wani kuma ya mayar da su kalaci.

Sababbin ka fara ajiye su a wani mazubi na sati biyu ka ga ko suna da cuta, irin fararen ɗigo-ɗigon nan. Ranar haɗawa ka ƙara tsirrai da wuraren ɓuya, ka zauna ka sa ido. In betan ya buɗe kumatu ya ɗan kore su sau ɗaya ko biyu, wannan ba komai, amma in ya kwana biyu yana bin ɗaya ko ka ga jela a yage, ka raba su nan take, shi ya sa tun kafin ka je shago ya kamata a ce kana da bokiti mai tsabta da raga a ajiye a gefe.